"On" ko "for": rigimar kalma ɗaya a jikin kyallen walima

A watan da ya wuce aka yi wa ƙanena ƙarin girma, ya zama hedimasta bayan shekara goma sha tara yana shaƙar ƙurar alli. Dangi suka yi karo-karo za a yi masa 'yar walima. Yayarmu, babbar ɗakinmu, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, don haka ita aka bar wa rubuta abin da za a buga a jikin kyallen da za a rataya a ƙofar gida. Aka kai wa masu bugawa, aka biya, aka rataya. Da manyan baƙaƙe ruwan zinare: "Congratulations for your promotion".

Ba a gama raba shinkafa ba wani ɗan ɗan'uwanmu, da ke aji biyu a jami'a, ya ɗauki hoton kyallen, ya zagaye "for" ɗin da jan layi, ya jefa a zauren WhatsApp na dangi da fuskokin dariya har uku. Yaya ta gani. Ba ta ce uffan ba, ta shige ɗaki. Kafin la'asar an sauke kyallen.

Da yake na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, sai shari'ar ta faɗo kaina. Yaron ya same ni a zaure, yana murmushin wanda ya san ya ci.

"Baffa, ai dai 'on' ne ko?"

Na ce, "'On' ne. To amma me ya sa?"

Ya gyara zama. Ya ce ai ƙarin girma matsayi ne, matsayi kuwa hawa kansa ake yi, shi ya sa ake cewa "on". Na ce madalla, to wanda aka yi wa haihuwa fa, da ake ce masa "congratulations on the birth of your son", kan jaririn ya hau? Ya yi shiru. Can ya ce, "To, haka dai ake cewa."

Na ce masa sai yanzu ya ba da amsar da za ta ci maki.

Abin da nake son in faɗa ke nan a wannan rubutu, kuma na san wasu abokan aikina malamai ba za su ji daɗinsa ba. Waɗannan ƙananan kalmomi na Turanci, su "on" da "in" da "at" da "for", waɗanda Turawa ke kira "preposition", mu kuma da muka zauna gaban malaman nahawu muka san takwarorinsu da haruffan jarra, yawancinsu al'ada ce ta ajiye su inda suke. Wanda ya dace da su ya yi yawan ji ne da yawan karatu. Wanda ya kuskure su bai ji sun isa kunnensa ba ne. Babu ruwan kaifin ƙwaƙwalwa a ciki, don haka babu abin taƙama, balle abin yi wa babba dariya.

Mu duba lissafin da Yaya ta yi, domin lissafi ne mai kyau. Bature yana cewa "thank you for". Yana cewa "praise him for", da "blame him for", da "forgive me for", da "reward her for". Duk inda aka gode, ko aka yaba, ko aka zarga saboda wani abu, "for" ne ke tsaye a wurin "saboda". Duk mai hankalin da ya ga waɗannan biyar zai yi ƙiyasi ya ce na shidan ma haka yake. Sai Turanci ya zame, ya ce a wurin taya murna "on" yake so. Ƙiyasin Yaya ne ma ya kayar da ita. Da ba ta iya Turancin ba sam, da ba ta faɗa wannan ramin ba.

Kuma ba ita kaɗai ce ta yi wannan ƙiyasi ba, harsuna sukutum sun yi shi. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram da ya yi makarantar Faransanci "félicitations pour" yake rubutawa, "pour" kuwa shi ne "for". Mutanen Sifen "por" suke cewa. Bajamushe ya kauce wa duka biyun, shi "zu" yake cewa, wanda ya fi kusa da "to". Balarabe na littafi "hanna'ahu bi" yake cewa. Bahaushe kuwa "barka da" yake cewa: barka da sallah, barka da arziki, barka da sauka. Abu guda ake nufi, kowa da ƙaramar kalmar da ya gada. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Akwai ma abin da yaron nan bai sani ba, ni ma ban faɗa masa a ranar ba don kada in tsawaita. Turawan da kansu suna haɗa "congratulate" da "for", kuma manyan ƙamus-ƙamus ɗinsu sun kawo shi. Suna yin haka idan maganar ta karkata zuwa yabo a kan wani aiki da mutum ya yi da hannunsa, kamar a ce "she should be congratulated for telling the truth". Idan kuwa wani alheri ne ya samu mutum, aure ko haihuwa ko cin jarrabawa ko ƙarin girma, to "on" ne ya zaunu. Saboda haka a jikin kyallen nan "on" ya kamata a gani, ban musa ba. Amma mai cewa "for" haramun ce bayan wannan kalma har abada, shi ma rabin karatun ya yi.

Mu Hausawa muna da wata wahala ta daban da waɗannan kalmomi, kuma ban taɓa jin an zauna an yi wa ɗalibai bayaninta da Hausa ba. Muna da "a" guda ɗaya tilo da ke yi mana aikin da Bature ya raba wa ma'aikata uku. A Kano, a kasuwa, a ranar Juma'a, a watan azumi, a shekarar 1960. Shi kuwa sai ya ce "in Kano", "at the market", "on Friday", "in Ramadan", "in 1960". Yaron da ya taso da "a" ɗaya, ka ce ya raba ta uku ba tare da ka nuna masa cewa rabon nan na Turanci ne kawai ba, dole ya yi ta caca. Wani lokaci ya ci, wani lokaci a cinye shi.

Maimakon mu faɗa wa yara gaskiya, sai mu malamai mu shiga ƙera dalilai. Wanda ya fi shahara shi ne na abin hawa. Ana koyar da cewa idan za ka iya miƙewa tsaye ka yi tafiya a cikin abin, to "on" ne: "on the bus", "on the train", "on the plane". Idan kuwa sai ka sunkuya ka zauna, "in" ne: "in the car", "in the taxi". Dabarar tana da amfani, ni ma na koyar da ita. Amma wata rana wata yarinya a aji huɗu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to lif fa, na dogayen gine-gine? Ai a tsaye ake." Kuma "in the lift" ake cewa. Kafin in farfaɗo wani ya ce, "Malam, A Daidaita Sahu fa?" Na ce su buɗe shafi na gaba. Har yau ina jin kunyar wannan ranar, domin amsar gaskiya ba ta fi ƙarfina ba. Cewa kawai zan yi: wannan dabara sanda ce ta dogarawa, wani wuri tana kai ka, wani wuri sai ka ajiye ta ka haddace.

Wanda ke ganin Turanci ne kaɗai ke da wannan rashin kan gado, ya juyo ya kalli namu. Muna cewa "kusa da gida", muna kuma cewa "nesa da gida". Muna cewa "ya haɗu da ita", muna cewa "ya rabu da ita". "Da" ɗin nan guda ita ce ta haɗa, ita ce ta raba. Muna cewa wannan "daban yake da" wancan. A ce wani Bature mai koyon Hausa ya yi nasa ƙiyasin ya ce "nesa daga gida", ko "barka saboda sallah", za mu gane shi sarai, mu yi murmushi, wataƙila ma mu ce kai, Baturen nan ya iya Hausa. Ba wanda zai ɗauki hotonsa ya zagaye da jan layi. Tsakaninmu ma wani "dogara ga Allah" yake cewa, wani "dogara da Allah", kuma ban ji an taɓa raba jam'i a kan haka ba.

Kada a ɗauka ina cewa a bar kowa ya yi yadda ya ga dama. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san ƙaramin harafi yana iya juya magana ta koma kishiyarta. "Ragiba fi" so ne, "ragiba an" ƙi ne, shi ya sa hadisin nan da ke cewa "man ragiba an sunnati" yake nufin wanda ya juya wa sunna baya. "Da'a lahu" ya yi masa addu'ar alheri, "da'a alaihi" ya yi masa mummunar addu'a. Almajirin da ya musanya waɗannan ya ɓata karatu, kuma malaminsa ba zai ƙyale shi ba. Turanci ma yana da irinsu. "Throw it to him" miƙa masa ne ta sama don ya cafe, "throw it at him" jifa ne. "Shout to" kira ne daga nesa, "shout at" tsawa ce. "Look for the child" a nemo yaro, "look after the child" a kula da shi. "On time" shi ne daidai lokacin da aka sa, "in time" shi ne kafin abu ya kuɓuce: mai zuwa ganawar neman aiki yana son ya isa "on time", mai kai mara lafiya asibiti yana roƙon Allah ya isa "in time". Ma'aikaciyar jinya ko direba ko sakatare da ya rikita waɗannan zai iya jawo asara ta gaske.

To a nan ne nake da ƙorafi a kan yadda muke koyarwa da yadda muke gyara wa juna. Kurakuran nan kashi biyu ne. Akwai wanda ke sauya ma'ana, akwai wanda ke nuna kawai cewa mai maganar ba a Landan aka yanke masa cibiya ba. "Congratulations for" na kashi na biyu ne. Haka "discuss about" da "request for" da "comprise of", waɗanda suka cika takardun ofisoshinmu da shafukan jaridu. Ba wanda ya taɓa karanta "we discussed about the matter" ya kasa gane an tattauna. Amma ka lura da masu farautar kuskure a Facebook, kusan duk ƙarfinsu a kan kashi na biyun yake ƙarewa, domin shi ne mai sauƙin kamawa, shi ne kuma ke ba mutum damar nuna ya fi wani. Na farkon, mai haɗarin, yana buƙatar a fahimci jimla tukuna, shi ya sa ba shi da masu gadi.

Sannan wane Turancin ma ake karewa? Mutumin Ingila "at the weekend" yake cewa, na Amurka "on the weekend". Ɗan ƙwallo a Ingila yana "in the team", a Amurka yana "on the team". "Different from" ya samu karɓuwa ko'ina, amma a Ingila za ka ji "different to", a Amurka ka ji "different than", kuma kowane ɓangare yana da dattawan da ke tsaki idan sun ji na ɗayan. Yaranmu kuwa littafin makaranta na Ingila ne, fim da waƙa da intanet na Amurka, sai su tashi da gauraye, mu kuma mu hau su da jan biro ba tare da mun gaya musu daga ina kowanne ya fito ba. Wasu dokokin ma mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro su. Dokar nan da aka dinga dukanmu a kanta, wai ba a ƙare jimla da irin waɗannan kalmomi, ana danganta farkonta ga wani mawaƙin Ingila, John Dryden, wanda a 1672 ya soki wani marubucin da ya gabace shi a kan haka, yana auna Turanci da ma'aunin Latin. Turawa ba su daina ƙare jimlolinsu da su ba ko na yini ɗaya. Mu ne a nan muka riƙe wa Dryden amanarsa.

Na san abin da za a ce mini, kuma maganar tana da nauyi. Za a ce, Malam, duk wannan falsafa ce, yaro dai jarrabawa zai rubuta. Gaskiya ne. Hukumar WAEC tun 1952 take, JAMB tun 1978, NECO tun 1999, kuma babu wadda a cikinsu ke karɓar "ai an gane abin da nake nufi". Sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a, takardar Turanci kuma wajibi ce ga duk mai zana JAMB, ko likita zai zama ko malamin Larabci. A tambayoyin cike gurbi irin waɗannan ƙananan kalmomi ne ake ɗana wa yara tarko da su. Na ga ɗaliban da suka yi zarra a lissafi da kimiyya suka zauna gida shekara guda ko biyu saboda Turanci. Don haka a aji ba na sassautawa. "Congratulate on" nake koyarwa, "discuss" ba tare da "about" ba, kuma ina ja da jan biro. Idan ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura. Abin da na canza shi ne yadda nake koyarwar. Na daina ba su "on" ita kaɗai a matsayin kalma mai fassarar "a kan". Ina ba su ita manne da uwar ɗakinta, su haddace su tare kamar sunan mutum da na mahaifinsa: "depend on", "insist on", "congratulate on", "interested in", "good at", "afraid of", "married to". Kuma ina sa su karatu, labari ko jarida ko ma mene ne, domin kunne da ido ne ke kama waɗannan abubuwa, bulala ba ta taɓa koya wa kowa su ba. Ina kuma gaya musu ƙarara cewa wannan Turancin jarrabawa ne da takardar neman aiki, su riƙe shi da kyau don a nan ake cin abinci, amma kada su mai da shi sandar dukan iyayensu.

Wa ya sani ma ko "congratulations for" ɗin na da gaba. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow", wato jibi. Wannan "next tomorrow" ɗin na sha jan layi a ƙarƙashinsa a littattafan ɗalibai. Yau ga shi a ƙamus ɗin da muke rantsuwa da shi. Ban ce gobe za a wanke "discuss about" ba, kuma ba zan shawarci ɗalibi ya jira ba. Amma harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi kullum a ƙasa irin tamu ba zai zauna yadda aka sauke shi daga jirgin ruwa ba.

Wani abin da ya tsaya mini a rai tun ranar walimar shi ne tambayar da ba wanda ya yi. Me ya kai mu rubuta kyallen da Turanci tun farko? Wanda ake taya murna Bahaushe, masu taya shi Hausawa, unguwar ko mutum ɗaya babu da ba ya jin Hausa, rabin tsofaffin da suka zo cin shinkafar ma ba su karanta boko. "Barka da ƙarin girma, Allah ya taya riƙo" ya fi abin da aka rubuta daɗi da ma'ana, ga addu'a a ciki kyauta. Amma mun saba, abin da duk aka so ya yi kwarjini sai a sa masa Turanci, ko katin biki ne ko allon shago ko fostar ɗan takarar kansila. Mun ɗora wa kanmu kayan aro, sannan muna dariyar wanda kayan suka zame masa.

Da dare, bayan an watse, yaron nan ya sake rubutu a zauren dangi, wannan karon da Hausa, wataƙila don ya wanke kansa. Ya rubuta: "Muna tayaka murna Baffa, mungode wa dukkan baki da sukazo." Na karanta sau biyu. "Taya ka" kalma biyu ce, "mun gode" biyu ce, "suka zo" biyu ce. Sannan baƙin da suka taso daga nesa ya cire musu ƙugiya ya mai da su baki, wanda ake cin tuwo da shi. Kuskure huɗu a layi ɗaya, a harshen da ya sha a nono, kuma ɗaya daga ciki irin mai sauya ma'ana ne. Ba wanda ya zagaye masa da jan layi. Ina jin ba wanda ma ya lura. Yatsana ya yi ƙaiƙayi, har na fara rubutawa, sai na goge. Washegari na kira shi gefe na nuna masa, mu biyu, na kuma ce ya je ya gaida gwaggonsa.

Ya je. Abin da suka tattauna ban tambaya ba.

Makon jiya na leƙa gidan Yaya. Muna tsakar gida tana yankan kuɓewa, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wai Malam, 'thank you on' ake cewa yanzu, ko shi an bar mana shi?" Na ce an bar mana shi, Yaya. Ta ce to alhamdu lillahi, da sauran mutunci. Kyallen kuwa yana nan bai yi asara ba, leda ce mai kauri da ruwa ba ya ratsa ta. Ta shimfiɗa shi a kan rufin ɗakin girki tana shanya kuɓewar a kai, "for" ɗin na kallon rana.